Wa ya yi wa gidanka kuɗi? Fashin baƙi kan harajin gidaje a Zariya

Kowace takardar harajin gida tana ɗauke da adadi biyu, ko da ɗaya ne kawai aka rubuta a kanta. Na farko shi ne kuɗin da aka ce ka biya. Na biyu shi ne ƙimar da aka yi wa gidan, wadda daga cikinta aka yanko wancan. Yawancin masu gidaje a Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Palladan, da adadin farko suke rigima, domin shi ne yake taɓa aljihu. Amma adalci ko zaluncin wannan haraji yana cikin na biyun ne. Idan ƙimar ta karkace, komai ƙanƙantar kason da aka ɗora mata, abin da zai fito ma karkatacce ne, kuma haka za a yi ta maimaita shi shekara bayan shekara har sai wani ya ɗaga murya.

Mutanen Zazzau ba baƙin haraji ba ne. Tun kafin zuwan Turawa ana biyan kuɗin garma, masu rini suna biyan kuɗin karofi, masu noman rani suna biyan nasu. Abin lura shi ne yawancin waɗannan an ɗora su ne a kan abin da mutum yake nema da shi, wato abin da yake kawo masa amfani. Zamanin En'e ya mayar da haraji a kan kowane baligi, da jangali a kan shanu, kuma tsofaffinmu har yau suna ba da labarin yadda ake shanya mutum a rana a kan kuɗin da ba shi da su. Shi ya sa da Alhaji Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, talakawa suka ɗauki abin a matsayin 'yanci. Duk jami'in da zai shiga lungu da takardar harajin gida ya kamata ya san cewa a kan wannan tabon yake takawa.

Sai dai harajin gida ba irin wancan ba ne, kuma ya kamata mu rarrabe kuɗaɗen da ake nema a kan gida guda, domin cakuɗa su yana daga cikin abin da ke rikita mutane. Akwai kuɗin ƙasa, wanda mai takardar shaidar mallaka yake biyan gwamnatin jiha duk shekara, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wannan ya dogara ne da girman fili da wurin da yake, ba ruwansa da kyan gini. Akwai kuɗin izinin gini, wanda ba na shekara-shekara ba ne. Akwai kuɗin shago ko wurin sana'a. Akwai kuma harajin kuɗin shiga da ke hawa kan abin da mai gida ya samu daga haya. Harajin gida dabam yake da duk waɗannan: a kan ginin kansa yake, gwargwadon darajarsa, kuma shi ne wanda ba ya yiwuwa sai an yi ƙima. A wasu jihohi an haɗe biyu ko uku daga cikinsu a takarda ɗaya. Legas ce ta fara haka a 2001. Saboda haka tambaya ta farko ga duk wanda aka miƙo masa takarda ita ce: wannan kuɗin na mene ne, kuma a ƙarƙashin wace doka?

Batun wanda ke da ikon yin ƙimar ba sabon rikici ba ne. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ƙiyasta gidajen mutane domin haraji cikin ayyukan ƙaramar hukuma, amma ya ce Majalisar Dokokin Jiha ce za ta tsara abin da za a karɓa. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa ita ma ta sa harajin gidaje a layin ƙananan hukumomi. A shekarar nan ta 1998 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Knight Frank & Rutley da Gwamnatin Jihar Kano, inda ta ce jiha ba ta da hurumin ba da kwangilar ƙiyasta gidaje domin wannan haraji, aikin ƙananan hukumomi ne. A Kaduna kuma, dokar da ta tattara haraji wuri guda a 2016, zamanin Malam Nasir El-Rufai, ta mayar da karɓar kuɗin shiga na jiha da na ƙananan hukumomi hannun hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, wato KADIRS, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Bayanan filaye da taswirarsu suna wurin hukumar kula da bayanan filaye ta jiha, wato KADGIS. An yi haka ne don a rage masu tare hanya da rasit na bogi, kuma wannan manufa ce mai kyau. Amma ta haifar da wani abu: hukumar da doka ta ba aikin ƙima tana nan kusa da kai, hukumar da ke riƙe da rajista da na'ura kuma hedikwatarta tana Kaduna. Mai ƙorafi yakan tsinci kansa tsakanin ofis biyu, kowanne yana nuna masa ƙofar ɗayan. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, maganar cewa su tashi su nemi kuɗin kansu ta ƙara ƙarfi, kuma gidaje ne abu na farko da ido zai kai gare shi, tunda gida ba ya gudu ba ya ɓuya.

To yaya ake yi wa gida kuɗi? Masu wannan sana'a, waɗanda dokar 1975 ta kafa hukumar yi musu rajista, suna da hanyoyi sanannu. Ko dai a duba nawa aka sayar da makamancin gidan a unguwar kwanan nan, ko a lissafa nawa za a kashe a sake gina irinsa yau sannan a cire tsufa da lalacewa a ƙara kuɗin fili, ko kuma a duba nawa gidan zai kawo a shekara in an ba da shi haya. Duka ukun suna da gurbinsu a ilimi. Amma a Zariya ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba, kuma bambancin yana iya zama tsakanin abin da mutum zai iya biya da abin da zai sa shi cin bashi.

Hanyar kwatanta ciniki tana buƙatar sanin farashin gaskiya. A nan kuwa yawancin cinikin gida a zaure ake ƙulla shi, gaban dillali da mai unguwa da shaidu, kuma kuɗin da aka rubuta a takarda ba kullum ne kuɗin da aka biya ba. A cikin birni ma, wuraren su Kwarbai da Limancin Kona da Kaura, akwai gidajen da ba a taɓa sayarwa ba tun kaka da kakanni, kuma ba za a sayar ba. Idan jami'i ya ɗauki farashin gida ɗaya da wani attajiri ya saya da tsada a bakin titi domin ya rushe ya yi shaguna, ya shimfiɗa shi a kan dukan layin, ya zalunci mutum ashirin da cinikin mutum ɗaya.

Hanyar kuɗin gini tana da nata haɗarin, musamman a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a watan da ya biyo, siminti da rodi da kwano sun yi tashin da kowa ya gani. Malamin makarantar da ya gina ciki da falo uku a Tudun Jukun shekara ashirin da suka wuce, yana ɗora bulo a hankali daga albashinsa, yau in aka lissafa kuɗin sake gina gidansa za a ga miliyoyi masu yawa. Amma gidan bai ƙara masa ko sisi ba, fanshonsa kuma bai bi siminti ya tashi ba. Darajar tana kan takarda ne kawai. Ga kuma ginin ƙasa: wane ma'auni za a auna soron tubali da azara da shi, wanda kowace damina sai an yi masa yaɓe? Wanda ya koyi ƙima a kan bulo da kankare kaɗai zai iya ko dai ya ɗauke shi ba komai ba, ko ya auna faɗin tsakar gida ya ɗora masa kuɗin da bai dace ba.

A ganina hanyar haya ita ce ta fi dacewa da garin nan, kuma ita ce ta fi kusa da yadda mutane suke fahimtar adalci. Kuɗin haya abu ne sananne: kowa a Samaru ya san nawa ɗaki yake a kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, kowa a Gyallesu da Kongo ya san abin da ɗalibai suke biya, 'yan kasuwar Sabon Gari sun san kuɗin shago a PZ. Ana iya tambaya, ana iya tabbatarwa, ana iya kawo rasit. Kuma yana bin ƙarfin aljihun jama'a, ba ya tsalle kamar siminti. Musulmi ya saba da wannan rarrabewa a fiƙihu: ba zakka a kan gidan da mutum yake zaune a ciki, amma kuɗin hayar da ya taru ya kai nisabi ya shekara ana fitar masa. Harajin gwamnati ba zakka ba ne, kuma ya hau kan Musulmi da Kirista bai ɗaya, na Wusasa da na Ƙofar Gayan. Amma mai tsara doka da ya gane cewa jama'a suna bambanta gidan kwana da gidan da ke kawo kuɗi zai fi samun haɗin kansu.

Mu ɗauki misali na lissafi kawai, ba adadin da ke cikin wata doka ba. A ce gida biyu ne a layi ɗaya, faɗinsu ɗaya, kuma an yi wa kowanne ƙimar Naira miliyan 20 saboda daga hoton sama da tsawon katanga aka duba su. A ce kason haraji rabin kashi ɗaya ne cikin 100. Kowanne zai biya Naira 100,000. Na farko ɗakuna goma sha biyu ne na ɗalibai, kowane ɗaki da banɗakinsa, haya tana shigowa duk shekara. Na biyu gidan gado ne, gwauruwa da 'ya'yanta da jikoki a ciki, ɗaki biyu sun rufta tun daminar bara. Ga na farko kuɗin bai kai hayar ɗaki ɗaya ko biyu ba. Ga ta biyu ya zarce mafi ƙarancin albashin wata na ƙasa, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024, alhali ita ba ta ma da albashin. Ba a saɓa wa lissafi ba, kason ɗaya ne. Ƙimar ce ta ƙi ganin abin da ke bayan ƙofa.

Wannan bai sa na ce a bar sabunta ƙima ba. Rashin sabuntawa shi ma zalunci ne, sai dai shi ba a jin ƙararsa. Garin ya faɗaɗa ta Dan Magaji da Dogarawa da Hanwa da hanyar Shika, wuraren da gonaki ne a da yanzu manyan gidaje ne da otal da rukunin shaguna. Idan rajista ta tsufa, waɗanda sunansu ya daɗe a ciki su ne za su yi ta ɗaukar nauyi, sababbin gine-gine masu tsada kuma suna zaune ba a san da su ba. Taswirar zamani tana da amfani a nan, domin tana nuna kowane rufi, ba ta jin kunyar mai kuɗi. Abin da ba ta iya yi shi ne ta gaya maka ko ginin an gama shi, ko mutane nawa ne suka gaje shi, ko ruwan Kubanni yana shiga tsakar gidan a watan Agusta. Wannan sai ƙafa ta taka, an yi sallama, an shiga da izinin masu gida.

Kuma irin wannan shiga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan za a raba gado a kotun shari'a, ana tura masu ƙima su je su ga gidan, magada suna tsaye, kowa yana jin abin da aka faɗa, wanda bai yarda ba ya yi magana a saurare shi, a wasu lokuta a sake turo wasu. Mutane sukan amince da wannan ƙimar ko da ba ta yi musu daɗi ba, saboda an yi ta a gabansu. Ƙimar haraji ba ta da dalilin da zai sa ta gaza wannan.

Nan ne maganar ƙorafi ta shigo, kuma nan ne aka fi yin asara saboda rashin sani. Mutum yakan karɓi takarda ya fusata, ya je wurin mai unguwa ya yi ta magana, ya kira wani ɗan'uwa da ke aiki a sakatariya, sannan ya jefa takardar a ƙarƙashin katifa. A idon doka duk wannan bai zama ƙorafi ba. Ƙorafi a rubuce ake yinsa, kuma yana da wa'adi. A dokokin haraji na tarayya kwana 30 ne daga ranar da takarda ta iso, haka ma a dokar Legas, don haka a duba abin da aka rubuta a jikin takardar a kuma lura da ranar da aka karɓe ta. In wa'adi ya wuce ba a ce komai ba, ana ɗauka an amince, adadin ya zauna, tara ta fara hawa, shekara mai zuwa kuma a zo da bashin baya a haɗa.

Takardar ƙorafi ba ta buƙatar Turanci mai nauyi. Tana buƙatar dalili. Cewa "kuɗin ya yi yawa" ko "ba mu ga aikin da ake yi ba" gaskiya ce da za a iya faɗa a wani zauren, amma ba ta rage ƙima. Abin da ke rage ta shi ne nuna kuskure: an rubuta gidan kasuwanci alhali na zama ne, shago ɗaya ne kawai a jikin zaure, an ƙirga ɗaki goma alhali shida ne, an auna fuloti biyu alhali ɗaya na maƙwabci ne, ginin bai kai ga rufi ba, an sayar da gidan tuntuni amma sunan tsohon mai shi ne a takarda, an riga an biya wannan kuɗin a ƙarƙashin wani suna, ga rasit. A haɗa hotuna, da takardar ciniki ko ta rabon gado, da rasit ɗin haya in akwai, da abin da aka nema daga gidaje makamantansa a layin. A nemi a ba da bayanin yadda aka kai ga adadin. A ajiye kwafi mai hatimin ofis da kwanan wata. Wanda kadararsa babba ce, kamar mai makaranta ko masauki, ya ɗauki ƙwararren mai ƙima ya yi masa tasa, domin ƙima da ƙima ake ture ta. Kuma komai matsin da aka yi, kada a ba kowa kuɗi a hannu don "a gyara takarda". Wanda ya yi haka ya biya sau biyu, domin bashin yana nan a rajista.

Gidan gado yana buƙatar ƙarin kula. Sau da yawa takarda takan zo da sunan mamaci, kowane magaji ya ce ba shi aka aiko wa ba, har bashin ya taru ya zama abin da zai hana sayarwa ko yin takardar mallaka nan gaba. Gara magada su zauna su wakilta mutum ɗaya a rubuce. 'Yan haya ma abin ya shafe su, domin duk abin da aka ƙara wa mai gida a kansu zai sauke shi lokacin sabunta haya, kuma a garin ɗalibai irin wannan, iyayen da ke ƙauye ne za su biya a ƙarshe.

Idan hukuma ta ƙi ƙorafin ko ta yi shiru, hanya ba ta ƙare ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, Babbar Kotun Jiha tana zama a Zariya, kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana karɓar kuka a kan ofisoshin gwamnati ba tare da kuɗin lauya ba. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ma sun kafa ofishi na musamman na sauraron koken masu biyan haraji. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: ba mai hankalin da zai ɗauki lauya ya kashe dubu ɗari biyu don ya rage dubu talatin. Saboda haka kotu ta masu manyan kadarori ce. Talaka yana buƙatar ƙofa ƙarama, kusa da gida, mai sauri.

Wannan ƙofar ita ce abin da ya kamata ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su nema, su kuma tsaya a kai. Kafin a fara aiki da sabuwar ƙima, a kafa jerin a sakatariya da ofisoshin hakimai, da Hausa da Turanci, kowa ya ga nasa ya ga na maƙwabcinsa, domin ba abin da ke kashe alfarma kamar a ga bene mai hawa biyu yana biyan ƙasa da gidan ƙasa. A sa ƙimar da kason a jikin kowace takarda, tare da wa'adin ƙorafi da inda za a kai shi. A kafa kwamitin sauraro da zai zauna a nan cikin gari, wanda ba ma'aikatan karɓar kuɗin ne kaɗai a ciki ba, tunda wanda aka ɗora wa adadin da zai tara a shekara ba zai ji daɗin rage wa kowa ba. Kada a ce sai an biya duka kafin a saurari mutum. Legas, bayan hayaniyar da ta biyo ƙarin da aka yi a 2018, ta sake dokarta a 2020 ta sassauta, kuma tana yafe wa 'yan fansho gidan da suke zaune a ciki. Irin wannan rangwame ga tsofaffi da gwauraye da marayu ya fi kyau a rubuta shi cikin doka a fili, kada ya zama sai wanda ya san wani.

Akwai kuma abin da jami'ai ba sa son ji amma ba makawa. Harajin gida, fiye da kowane haraji, ana auna shi da abin da ke ƙofar gida: kwata da aka yashe kafin damina, shara da aka kwashe, kwalbati da aka gyara, famfo da ya kawo ruwa. Mutumin Tudun Wada da yake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, yake haɗa kuɗi da maƙwabta su biya 'yan sintiri, ya riga ya biya wani harajin da ba a ba shi rasit ba. Idan kansila ya iya tsayawa gaban mutanen mazaɓarsa ya ce ga abin da aka tara daga gidajenku bara, ga kason da ya dawo wa ƙaramar hukuma daga KADIRS, ga kwalbatin da aka yi da shi, rabin gardamar ƙima za ta mutu da kanta. Waɗannan alƙaluma suna nan a littattafan ma'aji, kuma ƙungiyoyin unguwa da na masu gidajen haya suna da damar rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma su nemi a karanto su kafin a raba takardun shekara mai zuwa.